Kafin Ka Danna Rendarin, Tambayi Inda Za A Kalli Bidiyon

Wata Asabar da hantsi, wata Hajiya daga unguwar Jahun ta shigo shagona da filashi ƙulle a bakin mayafi. Bikin autarta muka ɗauka mako biyu kafin nan, tun daga kamu har dina, na haɗa mata shi awa biyu da kwata. Na soka filashin, sabo fil, mai gigabait 32, ba komai a ciki. Na jawo bidiyon zan zuba, kwamfuta ta ce wai ya fi ƙarfin filashin, alhali bidiyon gigabait 20 ne. Na sake gwadawa, ta sake maimaita min.

"Ɗan nan, ba ka ce mini an gama ba?"

"An gama, Hajiya. Ki ɗan zauna, yanzun nan."

Na goge filashin na canja masa tsari zuwa exFAT, bidiyo ya shiga, ta sa albarka ta tafi. Bayan la'asar sai ga kira: talabijin ɗin falonta bai ma san an soka masa wani abu ba. Ta aiko jikanta a Keke, na mayar da filashin NTFS. Wannan karon talabijin ya ga sunan bidiyon, amma ana dannawa sai baƙin allo da wani ɗan rubutun Turanci a tsakiya. Ashe da H.265 na fitar da shi, don lokacin ana ta yabonsa ni ma na bi yayi, talabijin ɗin kuwa ya girmi wannan fasahar. Ga dangin ango sun taso daga Azare takanas don a kalla tare. Daren nan kwana na yi ina rendarin, wato sake fitar da bidiyon daga manhajar editin, da janareta, kuɗin mai daga aljihuna.

Hajiya ba ta da laifi, talabijin ɗinta ma ba shi da shi. Ni ne ban yi wata tambaya ba, wadda yanzu duk yaron da ya zo koyon aiki wurina sai ya haddace ta kafin in bar shi ya taɓa maɓallin Export: a ina za a kalli bidiyon nan? A talabijin ɗin falo ta filashi? A YouTube? A wayar ƙawar amarya da ke lissafin datarta? Ko ajiyewa za a yi saboda gaba? Kowanne da saitinsa. Duk wanda ya ce maka yana da saiti guda da ke yi wa kowa, bai daɗe a sana'ar ba.

Mu fara da abin da ya fi ruɗa sababbin hannu. Mutum zai ce maka "ai MP4 na yi", a zatonsa ya gama magana. MP4 akwati ne kawai, irin na lefe. MOV akwati ne, MKV ma haka. Abin da talabijin ko waya ke fama da shi shi ne yadda aka ninke kayan da ke ciki, wato kodek. Akwatin MP4 guda zai iya ɗaukar hoton da aka matse da H.264, zai iya ɗaukar na H.265, sunan fayil ɗin kuma ba zai nuna maka bambanci ba. Abin da ya kayar da ni ke nan a gidan Hajiya. In kana son sanin abin da ke cikin kowane akwati, akwai wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna MediaInfo; ka jefa mata fayil, ta zayyano maka kodek da girman hoto da komai.

H.264, wanda wasu manhajojin ke rubutawa AVC, ya fito tun 2003. Tsoho ne, kuma tsufan nasa ne amfaninsa: da wuya ka samu waya ko talabijin mai ramin filashi ko kwamfutar ofis da ba ta san shi ba. H.265 ko HEVC ya biyo baya a 2013, an ƙera shi da niyyar ya ba da kyawun hoto iri ɗaya da kusan rabin nauyi. A aikina na yau da kullum ragin bai cika kai rabi ba, amma yana raguwa sosai. Sai dai yana wahalar da tsohuwar kwamfuta wajen haɗawa da wajen kunnawa, tsofaffin talabijin ba sa buɗe shi, har wasu kwamfutocin Windows ma sai an ƙara musu wani abu ko a buɗe da VLC. Akwai kuma AV1 na 2018, wanda YouTube da Netflix ke amfani da shi daga nasu ɓangaren. Ban taɓa ba kwastoma shi ba, ban kuma ga ranar yin haka nan kusa ba. Saboda haka hukuncina a taƙaice yake: duk abin da zai bar shagona ya shiga hannun wani, H.264 ne cikin MP4. H.265 sai abin da zan ajiye wa kaina, ko in mai aikin ya nema da bakinsa ya kuma gaya min a kan me zai kunna.

In ka buɗe wurin saitin H.264 za ka ga Profile da Level. Ka bar na farko a High. Na biyun kuma 4.1 in girman hotonka 1080 ne mai firem 25 ko 30, wato yawan hotunan da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, 4.2 in mai 50 ko 60 ne. Field Order ka tabbata yana Progressive, sai fa in gidan talabijin ne suka ba ka aiki suka ce ga yadda suke so. Su irin NTA ko BATV, ka kira mai kula da watsa shirin ka tambaye shi kafin ka fara, ya fi maka sauƙi da a dawo maka da aiki.

Yanzu ga inda kuɗin yake, wato bitiret. Shi ne awon bayanan da ka yarda a zuba wa kowace daƙiƙa ta bidiyo, ana ƙirga shi da megabit, ana rubutawa Mbps. Shi ke yanke nauyin fayil, ba girman hoto ba. Wannan sai na nanata wa yarana sau da yawa kafin ta zauna: bidiyo mai 720 da mai 1080, in tsawonsu ɗaya ne kuma bitiret ɗinsu ɗaya, nauyinsu ɗaya ne. Kuma kana iya sanin nauyin tun kafin ka fara rendarin. Megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya, minti kuma daƙiƙa 60 ne, don haka ka ninka bitiret ɗinka sau bakwai da rabi, abin da ya fito shi ne megabait nawa kowane minti zai ci. In ka sa 8, minti ɗaya megabait 60 ne, awa ɗaya gigabait 3.6. In ka sa 20, minti ɗaya megabait 150, awa ɗaya gigabait 9. Bikin Hajiya minti 135 ne a kan 20, ka ga inda gigabait 20 ya fito. Da na ɗauki biro na yi wannan lissafin na minti ɗaya, da tun kafin rendarin na san nauyin da zai fito.

Hattara ɗaya a nan. Manhajar Premiere Pro da megabit take ƙirge, amma manhajojin DaVinci Resolve da HandBrake da kilobit suke yi. Abin da za ka rubuta 8 a Premiere, a shafin Deliver na DaVinci, gurbin da aka rubuta Restrict to, 8000 za ka sa. Na taɓa samun wani yarona ya sa 800 yana zaton ya yi yawa ma. Fuskar amarya ta fito kamar an shafa mata kunu.

Sai zaɓin CBR da VBR. CBR kamar magidancin da ke ajiye kuɗin cefane iri ɗaya ne kullum, ko ranar da yara suka tafi hutu gidan kaka, ko ranar da baƙi goma suka sauka. Wata rana a yi asara, wata rana miya ta yi ruwa. VBR kuwa uwargida ce mai dabara: ranar da babu kowa ta tsimi kuɗin, ranar baƙi ta fito da shi. Kai kawai za ka gaya mata matsakaicin abin da za ta riƙa kashewa, shi ne Target Bitrate, da iyakar da ba za ta wuce ba, shi ne Maximum Bitrate. CBR na masu watsa shiri kai tsaye ne, inda ake son abu ya riƙa tafiya bai-ɗaya a kan layin intanet. Mu masu fitar da fayil, VBR ne namu. Shi ma iri biyu ne. Mai zagaye ɗaya yana matsewa ne yana tafiya, bai san abin da ke gaba ba. Mai zagaye biyu sai ya kalli bidiyon tun daga farko har ƙarshe tukuna, ya gane inda aiki yake, sannan ya dawo ya raba awon. Yana cin lokaci kusan ninki biyu. In bitiret ɗinka mai yalwa ne, ba za ka ga bambancin da ya kai wannan jiran ba. In kuwa kana matse dogon biki ne don ya shiga ƙaramin wuri, a nan zagaye biyun ke biyan kuɗinsa.

To nawa za a sa? Ba zan iya ba ka lamba ba sai na san me ke cikin hoton, kuma dalilin na cikin yadda matsewar ke aiki. Kodek ba ya ajiye kowane firem cikakke. Yakan ajiye guda cikakke, sannan na bayansa ya rubuta abin da ya canja kawai, sai can a gaba ya sake ajiye wani cikakken. Ka ɗauki tafsirin azumi: kyamara na kan ƙafarta ba ta motsi, Malam na zaune, mai jan baƙi na gefensa, bango ɗaya, labule ɗaya, teburi ɗaya, awa guda cur. Abin da ke canjawa bai wuce baki da hannu da juya shafi ba. Irin wannan, a girman 720, megabit ɗaya da rabi zuwa biyu ya ishe shi, ya fito tas. Awa guda ba ta kai gigabait ɗaya ba.

Ka kwatanta da ranar Hawan Daushe a ƙofar fadar Sarkin Bauchi. Kana tsaye cikin turmutsutsu, kyamara a kafaɗa, kana bin tawagar wani hakimi. Dawakai sun tayar da ƙura, kuma ƙura ba ta tsayawa wuri ɗaya ko na ƙiftawar ido. 'Yan bindiga sun buga, hayaƙi ya turnuƙe. Alkyabba na da aikin zare mai sheƙi, kayan doki na da ja da kore da ruwan gwal a cakuɗe, a baya kuma dubban kawuna ne kowanne da nasa motsin. Babu ko lungu ɗaya na hoton da yake kamar yadda yake a firem ɗin baya, don haka kodek ba shi da abin da zai tsimi. Shekarar da na fara ɗaukar hawan na fitar da shi a kan 8, yadda na saba yi wa biki. Wurin da mahaya ke tafiya a hankali ya yi kyau. Suna sakin linzami don jafi, sai hoton ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai kamar an yi masa tayil, ƙafafun dawakai suka narke cikin ƙura, fuskokin ba a gane kowa. Daidai wurin da mai aikin ya biya kuɗi don ya gani ke nan. Yanzu hawa ba na sa masa ƙasa da 16 zuwa 20 a girman 1080, iyakar sama kuma 30.

Biki a tsakiya yake, amma shi ma yana da nasa Hawan Daushen. Fitilun dina masu juyawa suna canja launi, hayaƙin da ake busa wa ango da amarya in za su shigo, leshi mai duwatsu, shadda mai ƙyalli, lokacin liƙi da kowa ya miƙe. Sai babban ɓarawon bitiret da mutane ba su sani ba: duhu. In wuri ba haske ka ɗaga ISO, wato saitin kyamara mai ƙara wa hoto haske, hoton zai cika da wasu ɗige-ɗige masu rawa kamar tsakin gero. Kodek bai san datti ba ne, ɗauka yake kaya ne masu daraja, sai ya ƙarar da awonsa wajen adana su ya bar fuskar mutane. Maganin na gaskiya fitila ce tun a wurin ɗauka. In an riga an yi ɓarnar, ka ɗan rage ɗige-ɗigen a editin kafin fitarwa, kaɗan dai, don in ka cika hannu fatar mutane za ta koma kamar ta 'yar tsana.

Ga abin da nake yi kafin kowane dogon rendarin, kuma in abu ɗaya za ka ɗauka daga duk bayanin nan, wannan ne. Ina neman wuri mafi hargitsi a cikin aikin, in sa alamar shiga da ta fita a kan minti ɗaya kacal, in fitar da shi da saitin da na zaɓa. Sai in kalla a cikakken allo, in tsayar da shi a tsakiyar motsi, in duba fuska da wuraren duhu. In wurin nan ya tsira, sauran duk sun tsira. In ya farfashe, na yi asarar minti biyu ne maimakon awa uku.

Girman hoto ba shi da dogon zance. Ka fitar daidai da yadda ka yi editin, ko ƙasa da haka. Ɗaga 1080 zuwa 4K ba ya ƙara ko gashin gira ɗaya da kyamara ba ta ɗauka ba. Kuma in wuri ya matse, gara 720 mai ƙoshi da 1080 mai yunwa. A allon waya ba mai gane bambancin girman, amma kowa zai ga farfashewa. Na tsaye, irin na TikTok da Status, 1080 a faɗi ne 1920 a tsawo, kuma tun a layin editin ake saita shi, ba a wurin fitarwa ba.

Yawan firem kuwa, yadda aka ɗauka haka za a yi editin, haka za a fitar. Ni 25 nake ɗauka, ko 50 in ina son in rage gudun wani wuri daga baya. Dalili shi ne wutar lantarkin ƙasar nan mai bugu 50 ce a daƙiƙa, tsarin talabijin ɗinmu ma PAL ne, mai firem 25. In ka ɗauka a 30 ko 60 irin na Amurka ƙarƙashin wasu fitilun zauren biki, za ka ga hoton na ƙyafta ido ko wasu layuka na gangarowa, kuma babu saitin fitarwa da zai cire su. Kada kuma ka ɗauka a 25 ka fitar a 30 don ka ji an ce ya fi santsi. Manhajar za ta riƙa maimaita wasu firem ne don cike gurbi, tafiyar mutane ta riƙa ɗan tsalle.

Wayoyi na da wata ɗabi'a da ta sha ba ni ciwon kai. Ba sa riƙe yawan firem a tsaye: ta ce 30 take yi, amma in wuri ya yi duhu ko ta yi zafi sai ta ragu, ta sake hawa. A gajeren bidiyo ba a lura. Amma an taɓa kawo min wa'azin awa ɗaya da aka ɗauka da waya, muryar kuma da rikoda daban. Farkonsa baki da murya sun dace. Kafin a kai minti arba'in, Malam ya rufe baki murya na ci gaba. Tun daga nan duk dogon bidiyon waya sai na fara wuce da shi ta HandBrake, in zaɓi Constant Framerate, kafin ya shiga editin. Masu iPhone kuma suna da nasu ƙarin. Tun 2017 wayar ke ɗauka da HEVC in ba ka canja ba, daga iPhone 12 kuma ta fara ɗaukar HDR, wani tsarin haske da launi mai faɗi. Ka haɗa wannan da hoton kyamararka a layi ɗaya ba tare da ka daidaita launi ba, sai nasu ya fito fari fat kamar an wanke shi da bilic. In ƙanen ango zai taya ka ɗauka da wayarsa, ka karɓa tun kafin a fara, ka kashe HDR Video, ka zaɓi Most Compatible a saitin kyamara. Aikinmu gaba ɗaya a ma'aunin launi na Rec.709 yake, a nan kuma za ka fitar.

Tsarin da na zauna a kai yanzu shi ne uwa ɗaya, 'ya'ya da yawa. Daga manhajar editin sau ɗaya nake fitarwa, mai nauyi, H.264 a kan megabit 25 zuwa 30, wanda awa ɗaya ke cin kamar gigabait 11 zuwa 13 da rabi. Ita ce uwar, tana zaune a had-disk ɗina. Masu aikin fim da talla sukan yi uwarsu da ProRes na kamfanin Apple ko DNxHR na Avid, waɗanda kusan ba sa zubar da komai. Amma ProRes 422 a girman 1080 mai firem 25 yana cin wajen gigabait 55 a awa. In talla ce ta minti ɗaya, bismilla. In bikin awa uku ne, a farashin da ake biyanmu a garin nan, kuɗin disk ɗin sai ya cinye ribar.

Daga uwar nake ciro sauran da HandBrake, wadda kyauta ce kuma tana amfani da x264, injin matsewar da ban ga wanda ya kai shi iya tattali ba a H.264. Tana da wata hanya da ta fi min daɗi: maimakon ka faɗi bitiret, sai ka faɗi kyawun da kake so da lambar RF, ita ta nemo awon da ya dace. Lambar a juye take, ƙarama ta fi kyau da nauyi. Ni 20 zuwa 22 nake sa wa 1080, 23 ko 24 ga abin da zai tafi waya. Ƙarin shida a lambar na rage nauyi kusan rabi. Aibinta ɗaya, ba ka sanin nauyin sai an gama, don haka in dole fayil ya tsaya a wani girma, koma wa bitiret da zagaye biyu. Ka kuma danna Web Optimized, don bidiyon ya fara kunnuwa a intanet tun bai gama sauka ba. Abin da ba a yi shi ne a matse wanda aka riga aka matse. Kowane zagaye sai ya zubar da wani abu, kamar hoton takardar da aka yi wa hoto daga wani hoton. Kullum daga uwa ake ciro ɗa.

Na filashi, wanda za a kalla a falo: 1080, matsakaici 8, iyaka 12, kuma ina yanka shi kashi-kashi kada kowanne ya wuce awa ɗaya. Kamu daban, wuni daban, dina daban. Yawancin ƙananan filashi da tsarin FAT32 suke zuwa, shi ne wanda kusan kowane talabijin ke karantawa, kuma ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4 ko da wuri ya rage fal, abin da ya hana bidiyon Hajiya shiga ke nan da farko. Awa ɗaya a kan 8 har da sauti tana tsayawa wajen 3.7, ta shige lafiya. Iyalan ma sun fi son haka, don Hajiya ba ta son a sa ta tsallake rawar 'yan mata da rimot kafin ta kai wurin nasiha.

Na YouTube da Facebook: duk abin da ka ɗora sai sun sake matse shi da nasu injin, don haka ka ba su mai ƙoshi. YouTube da kansu sun ba da shawarar 8 ga 1080 mai firem 24 zuwa 30, 12 ga mai 50 ko 60, 5 ga 720, sai 35 zuwa 45 ga 4K. Ni ina ɗaukar waɗannan a matsayin mafi ƙaranci, in ƙara a kai in hoton mai hargitsi ne. Amma ina duba datar mai aikin ma. Tafsirin kullum na kwana talatin ba zai yiwu a riƙa ɗora gigabait huɗu kowane dare ba.

Na WhatsApp: ɗan taƙaitaccen biki na minti uku, 720, a kan biyu da rabi, ya kama kusan megabait 60. In ka tura shi a matsayin bidiyo, WhatsApp zai sake matse shi, ko da ka danna HD. In kana son ya isa yadda ka yi shi, tura shi a matsayin Document, wanda tun 2022 ke ɗaukar har gigabait 2. Haka in kwastoma zai ba ka bidiyon wayarsa ka saka a aiki, kada ka karɓi wanda ya zaga guruf uku. Ya zo shago a tura ta Xender ko da waya mai igiya, daga wayar da ta ɗauka.

Akwai gurbin da ke tambayarka Hardware Encoding ko Software Encoding. Na farko yana miƙa aikin ga wani sashe na musamman a katin hoto, NVENC in Nvidia ne, Quick Sync in Intel ne, kuma yana da sauri ƙwarai. Na biyu ƙwaƙwalwar kwamfutar ce ke yi a tsanake, ya fi iya tattali in awo kaɗan ne. A Premiere, in ka zaɓi zagaye biyu, Hardware Encoding ba ya aiki. A takarda Software Encoding ya fi. Amma wanda ya rubuta takardar bai san a kawo wuta ƙarfe biyu a ɗauke ƙarfe uku da rabi ba, bai kuma san zafin Bauchi na watan Afrilu ba, lokacin da fankar laftof ke kuka kamar injin markaɗe. Uwa mai bitiret 30, da katin hoto nake fitar da ita, don a wannan yalwar idona bai taɓa ganin bambanci ba. 'Ya'yan da za a matse sosai su nake bar wa x264, in jera su a layi da dare in wuta ta zauna. Shi kuma gurbin Use Maximum Render Quality na Premiere, amfaninsa na fitowa ne in kana rage girman hoto, kamar daga 4K zuwa 1080. In ba haka ba ƙarin jira ne.

Sauti kada a yi masa rowa, don ba shi da nauyi: AAC, 48 kHz, kilobit 192 zuwa 320 ga biki, 128 ga magana zalla. Awa ɗaya a kan 192 ba ta kai megabait 90 ba. Mutanenmu za su haƙura da hoto mai ɗan hazo, amma wa'azin da ba a jin abin da Malam ke cewa ba mai kai shi minti biyu. Ka duba ma'aunin sauti kada ya riƙa dukan ja, ka bar ƙololuwarsa ƙasa da sifili da kamar uku. Muryar da ta riga ta fashe a lasifikar mai kiɗa kuwa, ko ka ba ta 320 fashewar za ta adana maka da kyau.

In an gama, ba na miƙa aiki sai na gwada shi a wajen kwamfutar da ta haɗa shi, don ita komai ka ba ta za ta buɗe. A kusurwar shagona akwai wani tsohon talabijin mai inci 24 da na saya hannu na biyu a Kasuwar Wunti bayan abin da ya faru da Hajiya, da wata tsohuwar Tecno mai fasasshen gilashi. Na filashi a talabijin ɗin nake soka shi, in kalli farko, in tsallaka tsakiya, in je minti biyun ƙarshe in ga ko baki da murya na tare. Na waya kuma in tura wa Tecnon. Sannan in rubuta wa kowane fayil suna mai ma'ana, sunan biki da kashi da inda za shi, kamar dina filashi ko dina YouTube, don wata shida nan gaba in an dawo ana neman kwafi, yaron da ke shago ya san wanda zai ɗauka ko ba na nan.